Awa Ɗaya da Ta Kusa Cinye Mini Aikin Wata Uku

Lokacin da na ɗaura wayar eriya mai tsawon kusan mita 10 tsakanin darbejiyar gidanmu da rufin soro, burina bai wuce in ji muryata ta ƙetare teku ba ta rediyon 'yan sha'awa (amateur radio), wato harkar da mutane ke magana da juna ta na'urar rediyo daga gidajensu. Na'urar mai ƙarfin wat 100 ce, batirin sola ke riƙe da ita. Abin da ban zata ba shi ne, da zarar na ambaci lambar kirana, wato lambar shaidar tashata mai farawa da 5N, alamar Najeriya, a kan mita 20 na gajeren zango, sai tashoshi daga Italiya, Brazil da Japan suka yi mini caa, kowa na so in amsa masa. Ashe Najeriya tana cikin ƙasashen da ake farauta, domin masu wannan harka a nan kaɗan ne, kuma mai neman shaidar DXCC ta ƙungiyar ARRL ta Amurka sai ya tabbatar da ya yi magana da tashoshi a ƙasashe 100.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Da hannu nake rubuta kowace ganawa, ina duba agogon bango. Ni da na tashi ina jin masu karanta labarai suna ambaton agogon GMT kullum, na manta da shi ake rubutu a wannan harka, kuma namu yana gabansa da awa ɗaya. Bayan wata uku na loda komai a Logbook of the World, wato rumbun intanet na ARRL da ake tabbatar da ganawa a cikinsa, inda sai lokutan ɓangarorin biyu sun dace cikin minti 30 kafin a amince. Ko ɗaya bai dace ba. Waɗanda na yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya kuwa har kwanan watansu ya kauce.

Abin da ya fi sosa mini zuciya shi ne saƙon wani dattijo ɗan Japan, wanda cikin ladabi ya tambaya ko sunansa yana littafina, domin ya daɗe yana jiran Najeriya. Sai na gane ba ni kaɗai na yi wa asara ba. Mutumin da ya zauna yana lalubo muryata cikin hayaniyar iska yana da haƙƙi a kan abin da na rubuta. Dare biyar na yi ina gyara littafin layi bayan layi, kuma nasa na fara gyarawa.

Duk wanda zai fara, ya sayi ƙaramin agogo daban, ya saita shi a GMT, ya manna shi a jikin na'urar tun kafin ya ɗaura eriya.