Gajeren Labarina Na Farko

Watanni 6 ke nan da na fara koyon rubuta gajeren labari. Da farko na ɗauka dogon labari ne ake datsewa, shi ya sa na cusa taurari 9 da tarihin shekara 20 a cikin shafi 4, har mai karatu ya rasa wanda zai bi. Wata marubuciya da ta riga ni a harkar ta duba, ta ce in zaɓi rana ɗaya da matsala ɗaya, in bar sauran.

Shawarar ta yi mini nauyi, domin sakin layin da na fi ƙauna shi ne ya fara fita. Na rage taurarin zuwa uwa da ɗanta. Inda na rubuta cewa uwar tana baƙin ciki, na goge, na bar ta tana ninke rigar yaron tana warwarewa ba tare da ta ce uffan ba. Yanzu nakan karanta kowace tattaunawa a bayyane, saboda kunne yana kama maganar da ba ta yi kama da ta mutane ba, ko da ido ya tsallake ta. Ƙarshen labarin kuwa, har yau ina gyara shi.