Asabar: yini guda da duwatsu masu aman wuta

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Ɗan yayata ne ya zo tun da hantsi da aikin makaranta, wai an ce su zana dutse mai aman wuta su nuna sassansa. Ya riga ya zana abinsa: tsauni mai tsini, harshen wuta na tashi daga samansa. Yana ajiye littafin ya ce, "Kawu, wai me ke ci da wuta a cikin dutsen, har shekaru ba ya ƙarewa?"

Na ce masa babu abin da ke ƙonewa. Dutse ne ya narke saboda tsananin zafi, jan da ake gani kuwa hasken zafin ne, domin narkakken dutsen kan kai digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Selsiyos. Muka sake zanen tare: rumbun da narkakken dutsen ke taruwa a can ƙarƙashi, maƙogwaron da yake bi ya hau, bakin da ke ƙoli, da ƙananan kafofi a gefe. Yana cikin ƙasa ana ce masa magma, in ya fito laba. Wannan bai ci mana lokaci ba.

Inda muka daɗe shi ne dalilin narkewar. Shi a zatonsa cikin duniya duk ruwan dutse ne, muna yawo a kai. Alhali abin da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa mai tauri ne, duk da zafinsa, saboda nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Sai wani abu ya sauya. Ɓawon ƙasar a tsage yake falle-falle, kowane na matsawa 'yan santimita a shekara. Inda biyu suka ja da baya da juna, dannewar ta ragu, dutsen ya narke ya taso, kamar yadda ake gani a Aisland. Inda kuma fallen da ke ƙarƙashin teku ya nutse ƙarƙashin wani, yakan tafi da ruwa a jikinsa, ruwan nan ya sa dutse ya narke da zafin da bai kai na da ba. Wannan ya ba shi dariya, wai ruwa ne ke haddasa aman wuta. Amma haka abin yake, kuma shi ya sa duwatsun suka yi jere a gefen tekun Fasifik, daga Cile zuwa Alaska, zuwa Japan da Filifin. Hawayi kuwa tana tsakiyar falle, zafi ne ke tasowa daga zurfi yana huda shi.

Da rana muka zauna kallon bidiyo a waya. Shi na Hawayi ya fi tsorata shi, jan kogi na cinye hanya da gidaje. Ni kuwa wanda ke sa gabana faɗuwa shi ne mai toka-toka, wanda babu ko ɗigon ja a cikinsa. Laba mai ruwa-ruwa tana sakin iskar gas ɗinta cikin sauƙi, ta malala, kuma galibi mutum na iya kauce mata da ƙafa (ban da irin ta Nyiragongo a Kwango, mai gudun tsiya, wadda ta ratsa birnin Goma a 2002). Mai kauri, wadda sinadarin silika ya yi wa yawa, ita ke riƙe gas har abin ya fi ƙarfin dutsen, kamar kwalbar lemo da aka jijjiga sannan aka ɓalle marfin. Abin da ke fitowa a nan gajimare ne na toka da gas mai ƙuna, yana gangarowa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Irinsa ne ya rufe garin Pompeii na Italiya a shekara ta 79 Miladiyya, shi ne kuma ya shafe garin Saint-Pierre a tsibirin Martinique a 1902, mutum wajen 28,000 cikin 'yan mintuna.

Bayan ya tafi da yamma na kasa ajiye maganar, na koma karanta labarin garin Armero a Kolombiya. Aman da dutsen Nevado del Ruiz ya yi a Nuwamban 1985 ba wani babba ba ne. Ƙanƙarar da ke ƙolinsa ya narkar, ruwan ya haɗu da toka da duwatsu ya zama taɓo, ya bi kwarin koguna cikin dare. Ya ɗauki sama da awa biyu kafin ya iso garin. Masana sun riga sun zana taswirar da ta nuna Armero na kan hanyar taɓon, amma ba a kwashe mutane ba, sama da 20,000 suka mutu a garin kaɗai. Awa biyun nan ce ta tsaya min a rai, don ko da ƙafa ta ishi mutum ya hau tudu.

Shekara shida bayan haka dutsen Pinatubo a Filifin ya yi aman da ya ninka wancan nesa ba kusa ba, har hayaƙinsa ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Amma a can an lura da ƙananan girgizar ƙasa da gas ɗin da ke fita tun makonni kafin ranar, aka kwashe dubun-dubatar mutane, waɗanda suka mutu ba su kai dubu ba, da yawansu ma rufin gida ne ya rufta musu saboda nauyin jiƙaƙƙiyar toka. Sai dai dutsen bai gama da su a 1991 ba. Tokar da ya jibge a kan tuddai ta riƙa saukowa da kowane ruwan sama mai ƙarfi, har a 1995 taɓo ya binne yawancin garin Bacolor, shekara huɗu bayan aman.