Yadda muka samu lauyan da ya riƙe mana amana kan filin Baba

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙan shi, an raba gado lafiya lau a kotun shari'ar Musulunci, sai dai wani fili nashi da ke bayan Ƙofar Ƙaura, muka je dubawa muka tarar wani ya zagaye shi da bulo har ya sa get, wai shi ma saye ya yi. Ni ce babba a ɗakinmu, don haka nauyin ya faɗo kaina.

Lauyan farko a bakin kotu na same shi, wani mutum ne ya tare ni ya ce ya san barista mai zafi, ya kai ni. Na biya kuɗi ba rasit, wata huɗu ina kira ana ce mani an ɗage zama, ashe ko ƙarar bai shigar ba. Wallahi ranar da na gane haka kuka na yi, don kuɗin marayu ne, har da na ƙannena da ke makaranta.

Kawu ne ya zaunar da ni ya ce, "Ɗiyata, ba a tambayar lauya wurin wanda zai ci lada in ya kai ki, kuma ba a tambayar ɗan'uwan shi. Ki nemi wanda ya taɓa biyan shi kuɗi aka yi shari'a aka gama." Na ce to Kawu ina zan same su? Ya haɗa ni da mutum uku cikin abokan kasuwar shi, biyu suka ambaci suna ɗaya, kuma abin da ya fi kama hankalina shi ne ɗaya daga cikinsu ma bai ci shari'ar ba, amma ya ce tun ranar farko baristan ya faɗa mashi takardun shi ba su da ƙarfi, shi ne ya nace. Wanda aka kayar kuma yake yabon lauyan shi, ai ni nan na tsaya.

Da muka je ofis ɗin shi bai yi mana alƙawarin komai ba, takardu ya ce mu baje. Ya ga Baba na da satifiket ɗin mallaka da ake ce ma C of O, ya yi mana bayani cewa a dokar filaye ta 1978 gwamna ke ba da ita, kuma rigimar irin wannan fili Babbar Kotun Jiha ake kai ta, ba inda muka raba gado ba. Ya rubuta kuɗin aikin shi daban, kuɗin shigar da ƙara daban, ya ba ni rasit. Ya nuna mani hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake mannawa a takarda, mai sunan lauya da lambar shi, abin da ban taɓa gani ba wurin na farkon. Har ya ce in kuɗi suka gagara akwai Legal Aid Council da gwamnatin tarayya ta kafa don marasa hali, mu je mu ji ko za su karɓa.

Yanzu zama uku aka yi, duk ranar da aka ɗage shi ke kira na da kan shi ya faɗi dalili. Jiya maƙwabciyarmu ta shigo neman lambar shi kan maganar gidan mijinta, na ba ta, na kuma ɗauko mata rasit ɗina da takardar ƙarar ta gani da idonta.