Ɗan Fadama ya dawo aji

Laraba. Hazo ya sauko tun asuba, mai kabu-kabun da ya ɗauke ni har fitila ya kunna da ƙarfe bakwai da rabi. Na iso na tarar da rabin ajina babu, sauran sun takure a jikin bango inda rana ke fara bugawa, kowa da mura, leɓɓa duk sun tsattsage. Wannan garin namu dai, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 mu yi ta kuka, Disamba ta zo kuma mu koma neman bargo.

Jiya na ce kowa ya zo da wani abu na wannan lokacin, don yau darasin yanayi gare mu. Tebur ya cika: zangarniyar dawa, gyaɗa, zoɓorodo, magarya. Wata ta kawo toka a leda, wai ta wutar da suke jin ɗumi ce. Na yi dariya har da hawaye, amma na karɓa, ai ba ta yi ƙarya ba.

Littafin da ke hannuna ya ce yanayi biyu ne, damina da rani. Ina gama rubutawa a allo 'yar gaban nan mai surutu ta ɗaga hannu. "Malama, Inna tac ce huɗu na." Ta lissafo su tsaf: bazara, damina, kaka, ɗari. Na ce Inna ta yi gaskiya, na rubuta huɗun a gefe. Wanne za su rubuta a jarrabawa kuma, wannan sai na ga hedimasta.

Muna cikin haka Ɗan Fadama ya shigo. Sati uku ke nan rabona da shi, monita har ya gaji da cewa "bai zo ba". Ya tsaya bakin ƙofa, ba takalmi, ƙafa duk faso, hannunsa a bayansa. Raina ya riga ya ɓaci tun safe saboda sanyin da kuma alli da ya kusa ƙarewa. Na ce, "Ina kash shiga?" Ya ce Baba ne ya tafi da shi fadamar Kwalkwalawa da ke bakin gulbin Rima, dashen albasa suke yi. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai ai gona ta hi maka aji, mi ya maido ka?"

Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce "ɗan albasa", saura suka karɓa. Shi ko uffan bai ce ba, ya wuce ya zauna ƙasa kusa da taga, inda iska ta fi shigowa.

Da muka zo lissafi na rubuta 14 + 9. Da gangan na kira shi, Allah ya yafe mini, so nake ya ji kunya ya san ya yi asara. Ya kalli allon kamar an rubuta masa Sinanci. Ban san abin da ya sa ba, sai na canza tambayar. Na ce, jiya kun dasa kwami goma sha huɗu, yau kun dasa tara, nawa ke nan? Ban rufe baki ba ya ce, "Ashirin da ukku." Na ce in Baba ya ce kwami hamsin za a yi, saura nawa? Ya ɗan ɗaga kai sama. "Ashirin da bakwai." Waɗanda ba su taɓa fashi ba suna can suna ta jera tsakuwa. Sannan a hankali ya ƙara da cewa, "Malama, ni ka ƙirga ma Baba."

Abin da ya ɓoye a bayansa kuwa motar kara ce. Ashe wani maƙwabcinsu ya gaya masa na ce a zo da abin lokaci, shi ya sa ma ya zo yau. Babbar mota irin mai ɗaukar buhunan albasa zuwa Kudu, da ƙafafu shida, da ƙofar da ke buɗewa. Lallausan cikin karan dawa ya yanyanka, ya fere ɓawon ya yi ƙusoshi da shi, ko zare ɗaya babu a jiki. Sai lokacin tara ya lallaɓo ya ajiye ta a ƙarshen tebur, bayan ledar toka. Na ce ta yi kyau. Iyakar abin da na ce ke nan.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Na sha faɗa wa iyaye haka da ƙarfin murya. To amma ruwan Rima yanzu ya ja baya, yanzu fadama ke karɓar dashe, albasar nan ita ce abincin gidansu har damina. Zangon farko kuma a daidai wannan lokacin yake ƙarewa. Mako mai zuwa jarrabawa, a takarda, da lambobi. Yaron da ya cire 23 daga 50 a kansa zai ci sifili, ni kuma da hannuna zan rubuta.

Malamar aji uku ta ce in daina damun kaina, yara ba sa riƙe magana. Ni har yau ina tuna abin da malamin aji biyu ya ce mini a kan rubutuna.

Gida. Auta na tari, an ɗauke wuta, tuwo ya yi gudaji. Maigida ya tambayi abin da ke damuna, na ce sanyi ne.

Na zuba man kaɗe a ƙaramin gwangwani na sa a jaka. Motar tana cikin kabad ɗin aji, na kulle. In ya zo gobe da ita zan fara darasi, a ƙirga ƙafafunta. In ya zo.