Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Minti Goma a Kan Kujerar Roba

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya ɗauke ni daga maganin haloperidol ya mayar da ni kan olanzapine, saboda sandarewar wuya da rawar hannu sun hana ni riƙe almakashi. Hannu ya lafa, ƙiba ta zo, barci kuwa sai Inna ta tashe ni. Amma muryoyin nan biyu da nake ji, waɗanda ba wanda ke jin su sai ni, ba su tafi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka faɗa mini sunan ciwona, sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali. Sautin muryoyin ya ragu, ya koma kamar rediyon maƙwabci ta bayan katanga, sai dai namijin cikinsu bai fasa ce mini "ba ka da amfani" ba duk lokacin da na zauna a kan keken ɗinki.

Wata Laraba, bayan na karɓi magani, malamar da ke sashen kula da halayyar marasa lafiya ta tsayar da ni, ta ce in shigo zaman da take yi da mutum shida. Na tarar da su a kan kujerun roba, sun cire takalma. Ta ce mu ji sanyin siminti a tafin ƙafarmu, sannan mu bi numfashinmu, shigarsa da fitarsa, ba tare da mun tilasta shi ba.

Ban yi minti biyu ba na ɗaga hannu. "Malama, wannan ba irin bautar mutanen Indiya ba ce?"

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce tushen abin daga mabiya Buddha yake, amma wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya cire ibadar ya bar horon hankali zalla, ya fara gwada shi a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts kan masu ciwon da ya ƙi jin magani. Nasa zaman yakan kai minti 45. Likitoci sun daɗe suna tsoron sa irinmu a ciki, domin dogon shiru kasuwar muryoyi ce. Sai wani masani a Ingila, Paul Chadwick, ya rage shi zuwa minti goma, kuma mai jagora ba ya barin shiru ya yi tsawo. Shi ya sa take ta magana a hankali, kuma ta ce wanda rufe ido ke tsorata shi ya bar nasa a buɗe.

Ranar farko dai ficewa na yi. Namijin ya ce dariya suke yi mini, ni kuwa na yarda.

Yaya ne ya matsa na koma. A zama na uku Malama ta ce: "Idan muryar ta zo, kada ka kore ta, kada ka tanka mata. Ka ce a ranka, ga murya nan. Sai ka koma kan numfashinka."

Ku gane, duk shekarun nan abu biyu na sani: ko in rama zagin har mutane su ga ina surutu ni kaɗai a titi, ko in toshe kunne da karatu har kaina ya yi ciwo. Ban taɓa sanin akwai na uku ba. Muryar ta zo, ta faɗi abin da ta saba. Ƙirjina ya buga. Na ce, ga murya nan. Na ji iska tana wucewa ta hancina, na ji siminti. Ta sake faɗa, na sake komawa. Ba ta tafi ba, amma da minti goma suka cika ina nan zaune, hannuna a kan gwiwa.

Wani daga cikinmu ya ji daɗin zaman har ya ajiye maganinsa. Bayan wata biyu a ɗaure aka kawo shi. Tun daga nan Malama ba ta fara zama sai ta tambayi kowa ko ya sha nasa.

Ni inda na fara ganin canji shi ne sallah. Da can nakan rasa raka'a ta nawa nake, kullum sai ƙabli ko ba'adi. Wata Magariba na sallame, na lura uku cif na yi, alhali namijin yana ta magana tun daga kabbara. Washegari na ce wa Yaya ya ba ni mabuɗin shago. Ya daɗe yana kallona bai ce komai ba. Amsar da ya ba ni, da abin da mai shagon kusa ya yi da ya gan ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.