Ƙannena, ku duba tushen hujja kafin ku yanke hukunci

Ƙannena na Aboabo da Asawase a Kumasi, na san yadda hira take tafiya a majalisarku. Ataya na tafasa a kan gawayi, ana musun ƙwallon Kotoko da Hearts, daga nan a faɗa siyasar NDC da NPP, kafin a tashi an shiga addini. Ba na hana ku musu, da shi ake wasa ƙwaƙwalwa. So nake ku rarrabe tsakanin iya baki da aiki da hankali. Mai iya baki yakan sa kowa ya yi shiru. Hankali kuwa ɗaukar abin da ya tabbata yake yi, ya bi shi daki-daki har ya kai ga abin da ba a sani ba, ba tsallake.

Wannan aiki yana da iliminsa, shi ne manɗiƙi. Aristotil na ƙasar Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara tsara shi, aka fassara shi zuwa Larabci, malaman Musulunci suka faɗaɗa. Kuma ba baƙo ba ne a gidanmu. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mai Ahalarin da muka koyi tsarki da salla a cikinsa, shi ne ya tsara Sullam, waƙen manɗiƙi, a ƙarni na 16. Shehu Maghili da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har musayar baitoci ya yi da Suyuɗi na Masar, yana kare wannan fanni, Suyuɗi yana hana shi. Manya sun yi saɓani a kai, amma kowannensu da hujja ya zo.

Ginshiƙinsa shi ne ƙiyasi: magana biyu da ke haifar da ta uku. Duk ɗan Adam mai mutuwa ne, sarki ɗan Adam ne, saboda haka sarki mai mutuwa ne. In biyun farko gaskiya ne, tsarin kuma daidai, ta ukun ba ta da makawa. Sai dai tsarin ba ya bincika maka gaskiyar abin da ka zuba masa. Wannan aikinka ne.

A nan na taɓa cutar da mutum. Lokacin ina sayar da wayoyi a Adum, tsakiyar Kumasi, wani yaro da teburinsa ke kusa da nawa ya fara karya farashi, har ƙasa da yadda muke sarowa. Da dare a majalisa na ce duk mai sayarwa haka kayan sata ne a hannunsa, yaron nan haka yake sayarwa, saboda haka ku ƙarasa da kanku. Kowa ya gyaɗa kai, don maganar ta zauna daram. Ba a jima ba masu saye suka fara kewaye teburinsa. Ashe mahaifiyarsa ce kwance a asibiti, jarinsa yake karyarwa don ya biya kuɗin magani. Na nemi gafararsa, ya yafe, amma bai sake zama a wurin ba.

Maganata ta farko ce ruɓaɓɓiya. Gaskiya ne wasu masu karya farashi ɓarayi ne, amma daga "wasu" ba ka isa ka yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Ruwan sama yana jiƙa ƙasa, amma ganin ƙasa a jiƙe bai tabbatar an yi ruwa ba, wataƙila wanki aka yi.

Saboda haka in an ce muku duk 'yan jam'iyya kaza haka suke, ko duk mutanen gari kaza, ku nemi misali guda da ya saɓa. In kun samu, maganar ta rushe. Kafin ka mayar da martani, maimaita wa abokin musunka hujjarsa har sai ya ce, e, haka nake nufi. Sau da yawa abin da bai faɗa ba muke yaƙa. Kada kuma ka bar magana ka koma kan mai maganar, wai ai ɗan wane ne, ko bai yi boko ba.

Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ma haka. Ka tambayi wanda ya turo daga ina ya samo. In babba ne, tambayar ba rashin kunya ba ce in an yi ta da ladabi: "Allah gafarta Malam, a wane littafi zan same shi?"