“Na Matan Aure Ne”: Abin da Masu Karatu Suka Gani da Abin da Suka Tsallake

A saman shafin farko marubuciyar ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa littafin na matan aure ne, kuma ba ta yafe wa duk budurwar da ta karanta shi ba. Duk mai bin littattafan soyayya na waya ya san babu tallar da ta kai irin wannan gargaɗi jawo masu saye. Na karanta shafukan kyauta, aka katse labarin daidai daren da aka kai amarya ɗakinta, sai na tura naira 500 ta banki kamar yadda sauran mata suka yi, aka riƙa turo mana ci gaba ta WhatsApp kullum bayan isha'i. Ba zan faɗi sunan littafin ba, domin irinsa sun yi yawa har ambaton guda ɗaya zai zama rashin adalci ga marubuciyarsa.

Labarin ba baƙo ba ne. Wani matashin attajiri ne, miskili, mai kamfani a Abuja, mahaifiyarsa ta tilasta masa auren wata marainiya da ke ajin ƙarshe a jami'a, shi kuwa ya rantse ko kallo ba za ta ishe shi ba. Abin da ya sa aka yi ta cece-kuce a kansa shi ne yadda aka kwance zancen shimfiɗa filla-filla, ba tare da sakayawar da muka saba da ita ba, wato a ja labule, sai mai karatu ya tsinci kansa a kiran sallar asuba.

Yayata, wadda ta haura shekara goma a ɗakin miji, ita ce ta fi kowa tsaya wa littafin. Ta ce mini, “Ƙanwata, ranar da aka kai ni, abin da Gwaggo ta faɗa mini bai wuce in yi haƙuri ba, sai yi na yi, bari na bari. Sauran duk a duhu na lalubo shi.” A ganinta marubutan nan suna cike gurbin da kunya ta bari tsakanin uwa da 'yarta, kuma akwai matan da suka fara buɗe baki su yi magana da mazajensu saboda abin da suka karanta. Ban musa mata ba, domin na san gaskiya ta faɗa game da nasihar kai amarya.

Maƙwabciyarmu, malamar Islamiyya, ta ƙi ko da taɓa wayar da na miƙa mata. Ta ce ilimin aure daban, batsa daban, kuma malamai ba su taɓa jin nauyin karantar da babin tsarki da wankan janaba a Ahalari da Ishmawi ba, sai dai sun yi shi da harshen da ba ya motsa sha'awar kowa. Abin da ya fi damunta shi ne gargaɗin nan na shafin farko ba ƙofa ba ce balle a kulle ta, domin da zarar mace ɗaya ta biya, littafin ya fita, yarinya ma za ta same shi a wayar mahaifiyarta. A nan ma ban sami abin cewa ba.

Wannan jayayya ta girmi wayar hannu. Tun shekarun 1990 ake tuhumar littattafan soyayya da ɓata tarbiyya, lokacin da ake buga su a takarda a sayar a kasuwannin Kano, har masana suka raɗa musu sunan Adabin Kasuwar Kano. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar a 2001, sannan a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafai a bainar jama'a. Mafi yawan abin da ya tayar da ƙura a wancan zamani, idan aka ajiye shi kusa da na yau, wasan yara ne.

Akwai kuma kaso na uku, waɗanda ba sa shiga muhawara amma su ne ke riƙe da linzamin labarin. Tunda kullum ake sakin shafi, marubuciyar tana jin ra'ayin masu biyanta kafin ta rubuta na gobe, su kuwa abin da suke roƙo ɗaya ne: “Anti, don Allah a bar zancen surukar nan, a mayar da mu ɗakin amarya.” Ina kallo labarin ya karkace. Rikicin gadon marainiyar, wanda shi ne ƙashin bayan shafukan farko, ya ɓace ba tare da an warware shi ba, karatunta na jami'a ya zama layi ɗaya, tsakanin babi da babi kuma sai ga tallar kayan mata da lambar mai sayarwa. Marubuciyar tana da baiwa, hirar da ta tsara tsakanin uwar miji da ɗanta ta ishe ni shaida, shi ya sa abin ya ba ni haushi.

Amma abin da ya hana ni barci wani babi ne da babu wadda ta ɗaga murya a kansa. Angon ya dawo cikin fushi, ya mare ta, ya afka mata tana kuka tana roƙonsa, har sai da aka kira likita gida. Washegari ya ajiye mata makullin sabuwar mota a gefen gado, marubuciyar ta ce daga ranar son sa ya fara shiga zuciyarta. Masu kare littafin sun kira wannan zazzafar soyayya, wasu har da fatan Allah ya ba su miji mai irin wannan kishi. Masu suka kuwa, da aka ba su labarin babin, kalmomin da aka yi amfani da su suka ƙyamata, marin da kukan ba su shiga lissafinsu ba. Da an sakaya zancen, an ja labulen nan, ina kyautata zaton da yawansu za su bar babin ya wuce lami lafiya.

Na koma wurin Yaya na karanta mata shi a bayyane, a hankali, na tsallake wuraren da bakina ba zai iya furtawa a gabanta ba, sannan na tambaye ta ko wannan ma yana cikin ilimin da Gwaggo ta rage mana. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Daga baya ta ce ita a karatun farko ba ta ma lura an kira likita ba, sai ta karɓi wayar ta sake duba shafin da kanta.